Sharhi a kan katin Open Essence da sauran kayan auna jin ƙamshi a asibitocin Japan

Ranar da na tabbatar hancina ya daina aiki, shinkafa ce ta kama a tukunya ina zaune taku uku daga murhu, ban ji ƙauri ba sai da hayaƙi ya fara sa idona yaji. Makonni uku kafin nan na sha fama da wata mura mai nauyi a tsakiyar hunturun Japan, kuma ko da majina ta tsaya, toshewar hanci ta wuce, numfashi ya dawo sarai, abinci ya ci gaba da zama salam a bakina, turaren da na taho da shi daga gida kuma ya koma ruwa kawai a kwalba. Likitan unguwa ya leƙa hancin, ya ce ba shi da kayan auna irin wannan matsala, sai ya rubuta mini takarda zuwa wani babban asibiti mai sashe na musamman domin masu larurar jin ƙamshi, irin sashen da Japanawa suke kira kyukaku gairai. A can aka yi mini awo iri huɗu, aka maimaita wasu daga cikinsu bayan watanni shida, kuma a kansu zan yi wannan sharhi, musamman a kan wani kati mai suna Open Essence, domin shi ne ya fi sauƙin aiki a cikinsu, shi ne kuma ya bar ni da abin tunani mafi yawa.

Auna hanci ya fi auna ido da kunne wuya. Mai ciwon ido a nuna masa allon haruffa, mai ciwon kunne a sa masa abin sauraro a riƙa rage ƙara, amma ƙamshi ba ya tsayawa inda aka ajiye shi, yana bin iska, yana kama tufafi da bango, kuma hanci yana saurin sabawa da shi har ya daina jinsa. Maganar marar lafiya ita kaɗai ba ta isa hujja ba, domin akwai wanda jinsa ya ragu ƙwarai bai sani ba, musamman tsofaffi da abin yake zo musu sannu a hankali, akwai kuma wanda zai rantse harshensa ne ya mutu alhali matsalar tana can saman hanci. Ƙungiyar likitocin hanci ta Japan ta fitar da kundin jagora a kan wannan larura a 2017, inda ta kasa ta gida uku gwargwadon wurin da ɓarnar take: ko dai iska ce ba ta kai ƙamshin ga ɗan lungun da ke saman hanci ba saboda kumburi ko tsiro, ko jijiyoyin da ke wannan lungu ne suka samu rauni kamar yadda yake faruwa bayan mura, ko kuma matsalar tana cikin ƙwaƙwalwa. Aikin awo shi ne ya faɗi yawan abin da aka rasa, sannan ya taimaka wa likita, tare da leƙen hanci da siririyar na'ura mai fitila da kuma hoton CT, ya gane a wane gida marar lafiya ya faɗa.

Tun ina ɗakin jira aka miƙo mini takarda mai jerin abubuwa 20 na yau da kullum, aka ce in nuna a gaban kowanne ko ina jin ƙamshinsa, ko wani lokaci nake ji, ko ba na ji sam. A ciki akwai dafaffiyar shinkafa, da miso, wato kwaɓin waken soya da aka tsima ake miya da shi, da busasshen ganyen teku, da ruwan soya, da koren shayi, da kofi, da gas, da shara, da gumi, har da bayan gida. An tanadi gurbi na huɗu domin abin da mutum bai shinshina ba a kwanan nan ko bai taɓa shinshinawa ba, kuma duk abin da aka sa a wannan gurbi ba ya shiga lissafi, wanda hakan adalci ne ga baƙo irina. Takardar ba ta cin kuɗi, ba ta cin lokaci, amma duk da haka bakin marar lafiya ne yake magana a cikinta, don haka ba ta wuce share fage ba.

Awon da likitocin ƙasar suke ɗauka a matsayin tushe shi ne T&T, wanda aka samar a shekarun 1970, sunansa kuma ya fito ne daga harafin farko na sunayen malaman da suka jagoranci aikin, Toyota da Takagi. Akwati ne cike da ƙananan kwalabe, a cikinsu akwai sinadarai biyar da aka yi wa laƙabi da A zuwa E. Na farko yana ƙamshin furen wardi, na biyu yana ba da ƙaurin sukari da ya fara ƙonewa, na uku warin safa ce da ta kwana a takalmi, na huɗu ƙamshin ɗan itacen nan mai zaƙi da Turawa suke kira peach, wanda ake sa wa a gwangwani, na biyar kuwa ɗoyi ne irin na ruɓaɓɓiyar shara da bayan gida. Kowane sinadari an tsarma shi mataki-mataki, daga 2 ƙasa da sifili har zuwa 5, ban da na biyu da ya tsaya a 4, kuma kowane mataki ya ninka na ƙasa da shi sau 10 a ƙarfi. Sifili shi ne inda mai lafiyayyen hanci yake fara jin wani abu, saboda haka kwalbar mataki na 5 ta ninka ta sifili sau 100,000, abin da ya isa ya nuna wa mutum girman tazarar da ke tsakanin hanci mai lafiya da wanda ya mutu.

Ma'aikaciyar jinya takan tsoma bakin wata siririyar takarda a kwalba mafi rauni, ta kawo ta dab da hanci ba tare da ta taɓa shi ba, ta jira, sannan ta hau mataki na gaba. Abu biyu take rubutawa: matakin da mutum ya fara jin akwai wani abu, da matakin da ya iya faɗin ko mene ne. Ana haɗa sakamakon ganewa na sinadaran biyar a raba biyar, idan ya kama 1.0 ko ƙasa da haka hanci lafiya lau ne, daga 1.1 zuwa 2.5 raguwa ce kaɗan, daga 2.6 zuwa 4.0 matsakaiciya, daga 4.1 zuwa 5.5 mai tsanani, daga 5.6 zuwa sama kuwa ana ɗaukar jin ƙamshi ya tafi gaba ɗaya. Waɗannan alƙaluma suna da nauyi har a wajen asibiti, domin da su ake yanke matsayin naƙasa ga wanda ya rasa jin ƙamshi a haɗarin mota ko a wurin aiki, kuma sinadaran nan biyar ɗin su ne ake tantance hancin masu aikin auna warin masana'antu da su a ƙarƙashin dokar ƙasar ta hana wari.

Abin da na yaba a T&T shi ne wannan rabuwa tsakanin ji da ganewa, domin tana nuna wa likita ko hancin ne ya kasa kamawa ko kuwa sunan abin ne ya ƙi zuwa. A nan ne ma na ji daɗin harshena, ko da yake bai amfane ni a ɗakin ba. Bahaushe yana da ƙamshi, da wari, da ɗoyi, da ƙauri, da ƙarni, da zarni, da hamami, da bashi, kowanne da muhallinsa, kuma da a gida ake awon, da kalma ɗaya zan sallami kwalba ta biyu, wata ɗaya ta biyar. Amma da Japanancina na kasuwa sai na riƙa kewaye-kewaye, har aka miƙo mini jerin kalmomi in zaɓa. Aibin awon a fili yake ga duk wanda ya shiga ɗakin da hanci mai lafiya: kwalaben C da E suna cika wuri da wari, dole a tanadi ɗaki mai na'urar zuƙe iska, dole a ware ma'aikaci da zai zauna da mutum ɗaya tsawon lokaci yana sauya takardu. Wannan ne dalilin da ya sa ƙananan asibitocin unguwa da yawa ba sa ajiye shi, irin na likitan da ya fara duba ni.

Awo na uku allura ce, kuma da wuya mutum ya gamu da ita a wata ƙasa in ba Japan ba. Ana kiranta awon Alinamin, da sunan wani magani na dangin bitamin B1 wanda kamfanin Takeda ya fitar a shekarun 1950, bayan masu bincike a Jami'ar Kyoto sun gano yadda wannan bitamin yake haɗuwa da wani sinadari na tafarnuwa. Ana ɗura miligiram 10 a cikin mililita 2 ta jijiyar jini da ke lanƙwasar gwiwar hannu, a hankali, cikin sakan 20 cif, marar lafiya yana numfashi ta hanci a natse. Jini yana kai maganin huhu, warinsa mai kama da tafarnuwa ya fito tare da numfashi, ya taso ta bayan maƙogwaro ya isa saman hanci ta ƙofar baya, wato hanyar da ƙamshin abinci yake bi idan ana tauna shi. Mutum yana ɗaga hannu idan ya fara ji, ya sake ba da alama idan ya daina, ma'aikaci kuma yana riƙe da agogo. Mai lafiya yakan fara ji bayan kimanin sakan 8, warin kuma ya ɗauki kimanin sakan 70 kafin ya gushe.

Darajar wannan allura tana ga hasashen abin da zai biyo baya. Wanda tsiro ko kumburi ya toshe masa hanyar gaba yana iya kasa jin komai a kwalaben T&T, amma ya ji tafarnuwar allura, wanda hakan alama ce cewa jijiyoyinsa suna raye, kuma idan aka buɗe hanya da magani ko tiyata akwai kyakkyawan zaton jinsa zai dawo. Wanda bai ji komai ba kuwa, likita yakan yi taka-tsantsan wajen yi masa alkawari. Wannan ya fi muhimmanci ga masu wani nau'in kumburin kogunan hanci mai yawan fitar da tsiro da dawowa bayan tiyata, wanda gwamnatin Japan ta sa shi a jerin cututtuka masu wuyar magani a 2015, kuma rasa jin ƙamshi yana cikin alamominsa na farko. Ni na ji warin, a makare kuma a gajarce, kuma bayan makonni ban ji komai ba, ban taɓa zaton tafarnuwa za ta faranta mini rai haka ba. Sai dai wari ɗaya tak allurar take gwadawa, mai ƙarfin gaske, wasu mutane kuma sukan ji zafi yana bin jijiyar hannu lokacin ɗurawa, sannan sakamakonta ba shi da abin kwatantawa a ƙasashen da ba sa yin ta.

Sai katin. Asalinsa wani awo ne da masu bincike a cibiyar AIST ta gwamnatin Japan da ke Tsukuba suka ƙirƙiro, mai suna OSIT-J, wanda aka cusa ƙamshinsa cikin 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ido ba ya gani, aka gauraya su da maiƙo, aka zuba a mazubi irin na jan-baki. Ma'aikaci yakan shafa shi a kan takarda mai santsi, ya ninke ta biyu, ya murza domin ƙwayoyin su fashe, sannan ya buɗe ya miƙa wa marar lafiya. Open Essence, wanda kamfanin Wako yake sayarwa, kamfanin da yanzu yake ƙarƙashin Fujifilm, ya ɗauki ƙamsoshi 12 na wannan awo ya buga ƙwayoyinsu a cikin kati mai ninki biyu, ta yadda buɗe katin kawai shi yake fasa su. Babu shafawa, babu murzawa, babu hannun ma'aikaci da zai kwashi ƙamshin kati na uku ya kai wa na huɗu. Mutum yana buɗewa, ya shinshina, ya zaɓi amsa daga abin da aka rubuta a cikin katin, ya wuce na gaba, kuma cikin 'yan mintoci an gama, ɗakin ma bai sauya wari ba. Ana ajiye katunan a firji, kowanne kuma amfani ɗaya ake yi da shi a jefar.

Ƙamsoshin su ne tawadar rubutu ta Japan, da katako, da turare, da sinadarin nan mai sanyi na mantaleta, da lemon mikan, da kori, da gas na girki, da furen wardi, da icen hinoki, da safa mai gumi, da madarar gwangwani mai kauri, da soyayyiyar tafarnuwa. Zaɓin yana da hikima, domin ya haɗa abinci da tsirrai da kayan gida, ya kuma sa abubuwa biyu da rashin jinsu yake da sakamako a rayuwa: gas, wanda asalinsa ba shi da wari sai da aka ƙara masa da gangan domin a gane idan yana yoyo, da kuma gumi, wanda tsohon da ya daina jinsa a jikinsa yakan shiga kunya bai san dalili ba. Kori kuwa, wanda ɗan Japan yake ci tun daga abincin makarantar firamare, sananne ne har masu bincike a ƙasar suka nuna cewa shi kaɗai yana iya zama awon share fage, domin ɗan Japan da ya kasa gane kori akwai dalilin a duba hancinsa da kyau. Asibitoci da dama suna ja layi a wajen 8 cikin 12, wanda ya samu ƙasa da haka a ci gaba da bincikensa.

Akwai wani zaɓi a tsarin katin da na daɗe ina juya shi a raina. Kowane kati yana ba da amsoshi shida: sunaye huɗu, ɗaya daidai uku na ruɗi, sai kuma gurbin cewa an ji wani abu amma ba a gane shi ba, da gurbin cewa ba a ji komai ba. Awon Amurka mai suna UPSIT, wanda Richard Doty ya fitar a Jami'ar Pennsylvania a 1984 da ƙamsoshi 40, ba ya ba da wannan mafita, dole mutum ya zaɓi ɗaya cikin huɗu ko da bai ji komai ba. Amfanin tilastawar shi ne wanda hancinsa ya mutu murus zai dace da kimanin 10 cikin 40 ta hanyar canke, don haka wanda ya samu ƙasa da wannan sosai ana iya zargin yana kauce wa amsa ta gaskiya da gangan, abin da yake da amfani idan maganar diyya ta taso. Katin Japan ya bar wannan dabara, ya sami wata a madadinta, wato yana rarrabe wanda bai ji ba da wanda ya ji ya kasa kiran suna. A matsayina na wanda ya zauna a kujerar marar lafiya, na fi son tsarin Japan, domin tilasta wa mutum ya ce ya ji lemo a takardar da bai ji komai a cikinta ba yana ƙara masa ɓacin rai a lokacin da yake cikin fargaba. Amma mai saurin sarewa yana iya fakewa da gurbin rashin ganewa a inda da ya daure ya canka da ya dace, sai makinsa ya yi ƙasa da ainihin ƙarfin hancinsa.

Babban abin da katin ya koya mini ya zo ne daga kurakuraina. A awon farko na samu 4, kuma ba duka kuskuren ne laifin mura ba. Katin tawada na ji wani abu a cikinsa, mai ɗan sanyi kamar kafur, amma ko kusa raina bai kai ga tawada ba, domin tawadar da na sani tun ina makarantar allo ta baƙin gawayi ce da ƙaro, ƙamshinta daban ne. Ta Japan ana yin ta da baƙin hayaƙi da danƙon da ake dafawa daga fatar dabba, a ƙara mata wani ƙamshi domin ya danne ƙarnin danƙon, kuma kowane yaro a ƙasar yana fara rubutun buroshi da ita tun aji uku na firamare, don haka ƙamshinta yana zaune a kansa kamar yadda na daddawa yake zaune a kanmu. Hinoki ma haka. Ice ne da Japanawa suke gina wuraren ibada da kwamin wanka da shi, da shi ake sake gina babban wurin bautar Ise duk bayan shekara 20, na baya-bayan nan a 2013, kuma ɗan ƙasa yana rarrabe shi da sauran katako ba tare da tunani ba. Ni kuwa a wurina ice ice ne, ga shi kuma an sa katako da hinoki a matsayin tambayoyi biyu daban.

Ban ɗauki wannan a matsayin aibin katin ba, domin domin haka aka yi shi. Japanawa sun ga cewa awon Amurka yana tambayar marar lafiya abubuwa irin su wani lemon kwalba da ake yi da saiwar itace, da kokwamba mai tsami, da alewar likoris, waɗanda dattijon ƙauye a Japan bai taɓa sa su a baki ba, kuma zai faɗi jarrabawar da lafiyayyen hanci. Wani bincike da masana Japan da na Jamus suka wallafa a 1998 ya gwada mata daga ƙasashen biyu da ƙamsoshin gida na kowane ɓangare, irin su busasshen kifi da ruwan soya a nan, da cuku mai shuɗin gansakuka da turaren coci a can, aka ga kowane ɓangare ya fi gane nasa, ya fi kuma jin daɗinsa. Abin da ya fito fili shi ne awon ganewa yana auna hanci da tunani da harshe a lokaci guda, kuma ba ya iya raba su. Saboda haka ƙarfin katin ga ɗan Japan shi ne rauninsa ga baƙo, kuma duk likitan da zai gwada baƙo da shi ya kamata ya fara tambayarsa waɗanne daga cikin abubuwa 12 ya sani, ya kuma karanta makin tare da matakin da mutumin ya fara ji a kwalaben T&T, wanda shi bai damu da inda aka haifi mutum ba. Likitan da ya duba ni ya yi hakan ba tare da na roƙa ba, kuma wannan ne ya sa na amince da sashen.

Haka nan duk wanda zai yi sha'awar ɗauko wannan kati domin asibiti a Kano ko Damagaram, abin da ya cancanci ɗauka shi ne dabarar, a cika ta da abin da mutanen wurin suka tashi da shi, irin su daddawa, da man shanu, da citta, da kanumfari, da kananzir, da turaren wuta, sannan a gwada ta a kan masu lafiya da yawa kafin a ja layi. Sayo katin yadda yake zai sa a rubuta wa masu lafiyayyen hanci cuta.

A Japan ɗin ma amfanin katin ya wuce sashen hanci. Raguwar jin ƙamshi tana riga karkarwa bayyana da shekaru a cutar Parkinson, tana kuma cikin alamomin farko na wasu cututtukan mantuwa, don haka likitocin ƙwaƙwalwa suna amfani da shi da kuma OSIT-J a ɗakunansu, inda babu halin ajiye kwalaben wari. A ƙasar da kusan kashi 29 cikin 100 na mutanenta sun kai shekara 65 ko sun haura, awon da tsoho zai yi a zaune cikin mintoci kaɗan ba ƙaramin abu ba ne. Zuwan cutar korona a 2020 ya ƙara fito da wata fa'idarsa, domin kati ne da mutum yake buɗewa da hannunsa ya jefar, ba sai ma'aikaci ya matso da fuskarsa kusa da hancin marar lafiya ba.

Ta fuskar kuɗi akwai abin mamaki. A jadawalin inshorar lafiya ta ƙasar, awon T&T yana da maki 450, allurar kuma maki 45, kowane maki yen 10 ne, kuma galibin masu aiki kashi 30 cikin 100 suke biya daga aljihunsu, wato yen 1,350 da yen 135. Katin kuwa ba ya cikin jadawalin, ana sayar da shi ne a matsayin kayan bincike, don haka asibitin da ya yi amfani da shi ba ya karɓar komai daga inshora a kansa. Sakamakon haka awon da ya fi dacewa da ƙaramin asibiti shi ne wanda ba a biya, wanda aka fi biya kuma shi ne mai buƙatar ɗaki na musamman, kuma a ganina wannan yana cikin dalilan da suke sa mai irin larurata ya yi ta jira kafin a auna shi.

Aibi biyu na gaske na samu a katin, kuma duka biyun sun bayyana ne a zuwa na biyu. An ɗora ni a kan wani maganin gargajiya na Japan mai suna tokishakuyakusan, wanda likitocin ƙasar suke rubuta wa masu rasa jin ƙamshi bayan mura, tare da atisayen shinshina ƙamsoshi huɗu safe da yamma, tsarin da Thomas Hummel na Jamus ya bayyana a 2009 da wardi, da turaren zaiti, da lemon tsami, da kanumfari. Bayan wata uku ji ya fara dawowa, amma a karkace, kofi ya koma mini warin ƙonanniyar roba, albasa kuma ta zama abin da ba na iya zama kusa da shi. Wannan karkacewa sananniya ce ga masu farfaɗowa, kuma ita ta fi damuna a lokacin, amma katin ba shi da gurbin da zan rubuta ta, domin ko dai na gane, ko ban gane ba, ko ban ji ba. Sai da baki na yi wa likita bayaninta.

Aibi na biyu shi ne ƙamsoshin 12 ne kawai, kuma su ɗin ne dai a kowane zuwa. A tsakanin awon biyu na sayi ɗan guntun icen hinoki a wani shagon kayan wanka na ajiye a kan tebur, na kuma roƙi wani abokin aiki ya kawo mini kwalbar tawadar ɗansa na shinshina. Da na koma asibiti na samu 9, ciki har da hinoki da tawada, kuma na gaya wa likita gaskiya cewa biyu daga cikin makin nan karatu na yi musu. Ya rubuta hakan a gefen takarda, sannan ya aika ni ɗakin kwalabe, inda na fara jin furen wardi matakai biyu ƙasa da inda na ji shi a watanni shida da suka wuce, kwalbar E kuwa ta sa na kau da kai tun ma'aikaciyar ba ta gama kawo takardar kusa da hancina ba.